Kwana biyu a gidan mutanen Ayalan: tambayoyin da ɗalibanmu ke yi kafin su ɗauki jaka

Duk watan Satumba, idan sababbin ɗalibai suka sauka Dublin ko Cork ko Galway a ƙasar Ayalan (Ireland), ba a jimawa sai wani ya turo mini saƙo: makaranta ta ce za a kai ɗalibai baƙi su yi ƙarshen mako a gidajen 'yan ƙasa, in sa sunana ko in bari? Amsata ba ta canzawa: ka sa. Na yi irin wannan baƙunta a wani ƙauye na gundumar Clare, a yammacin ƙasar, kuma abin da na gane game da mutanen Ayalan a kwana biyun nan ya fi wanda na tara a wata huɗu ina kai-kawo tsakanin aji da ɗakin kwana. Ga tambayoyin da aka fi yi mini. Galibin masu tambayar Musulmi ne, shi ya sa maganar abinci da salla ta ɗauki wuri mai yawa.

Mene ne shirin, kuma su wa ke haɗa shi?

Ana tashi da yammacin Juma'a, a dawo da la'asar ɗin Lahadi. Ofishin kula da ɗalibai baƙi na jami'a ne ke sanarwa, ko kuma wata ƙungiya da ta ƙware a harkar, irin su EIL mai ofishi a Cork, wadda reshe ce ta wata tafiya da Donald Watt ya fara a Amurka a 1932. Yawanci akwai mai kula da shirin a garin da za a je, shi ya san iyalan, shi ke raba ɗalibai gida-gida, wani lokaci ɗaya, wani lokaci biyu a gida guda. An fi kai mutane ƙananan garuruwa da ƙauyuka, don babban birni kun riga kun gan shi.

Saukar da ɗan wani a gida ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Shekara da shekaru yaran makarantun sakandare na zuwa yankunan da har yau ake magana da harshen Gaeilge, kamar Connemara da Donegal da gaɓar Kerry, su zauna makonni a gidajen mutane don bakinsu ya faɗa da harshen kakanninsu. Matar da ke riƙe su ana ce mata bean an tí, wato uwar gida. Mai yiwuwa wadda za ta karɓe ka ita ma an taɓa riƙe ta haka, ko an riƙe 'ya'yanta.

An ba ni fom ana tambayar abin da nake ci da abin da ba na so. In cika gaskiya ko in yi kara?

Nan ne yawancinmu muke faɗuwa, kuma tarbiyyarmu ce ke kayar da mu. An raine mu a kan cewa baƙo ba ya zaɓe, abin da aka ajiye masa shi zai ci ya yi godiya. Halin kirki ne a gida, domin a gida mai masauki ya riga ya san abin da addininka ya hana ka. Matar da ke ƙauyen Clare ba ta sani ba, kuma fom ɗin nan shi kaɗai ne hanyar da za ta sani kafin ta je cefane.

Wani abokin karatuna ya rubuta cewa yana cin komai, don kada a ce ya cika fi'ili. Da safiyar Asabar uwar gidan ta yi sammako ta soya masa karin kumallo irin na girmama baƙo, faranti cike da naman alade iri uku. Ya zauna yana juya cokali. Da ta gane, ta fi shi shiga damuwa, ta yini tana ba shi haƙuri a kan laifin da ba nata ba. Layi ɗaya a takarda da ya raba su da wannan.

Saboda haka ka rubuta dalla-dalla: ba na cin alade ta kowace siga, ba na shan giya kuma ba na cin abin da aka dafa da ita, ina salla sau biyar a rana, ban saba da kare a cikin ɗaki ba. Idan ke mace ce kuma kin fi son gidan da akwai uwa da 'yan mata, ki faɗa. Idan kana da asma ko wani abinci na tayar maka da ƙaiƙayi, ka sa. Ba wanda zai ɗauka raini ne. A wurinsu wannan sauƙaƙa wa mai gida aiki ne.

To waɗanne abinci ne zan yi hattara da su?

Ka riƙe sunayen, domin a teburi ba za a ce maka "alade" ba. Rashers da bacon da ham da gammon duk alade ne. Sosej ɗinsu kusan duka na alade ne, sai in an ce ba shi ba. Black pudding, duk da sunansa ya yi kama da na kayan zaƙi, jini ne ake haɗawa da kitse da hatsi a ɗura a yanka ƙwaya-ƙwaya. White pudding ɗan'uwansa ne, babu jini amma akwai alade. Naman alade da kabeji da dankali tsohon abincin ƙauye ne da ake ji da shi, mutanen Dublin kuma suna da wani farfesu na sosej da suke kira coddle. Wasu mutanen kirki da zuciya ɗaya ba sa lissafa ham a cikin "pork", don haka ka ambaci sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Sai giya a girki. Akwai miyar naman sa da ake zuba wa Guinness, akwai kayan zaƙi da ake jiƙawa da sherry ko wiski, musamman dab da Kirsimeti. Tambaya ɗaya cikin fara'a ta isa.

Abin da ya rage kuwa yana da yawa, kuma mai daɗi. Dankalin Turawa shi ne tuwonsu. Ba banza ba 'yan kasuwar Jos ke kiran sa "Airish", wato na Ayalan. Za ka iya ganin sa iri biyu a faranti ɗaya, dafaffe da gasasshe, ko a tuƙa shi da bota da kabeji ya zama colcannon. Akwai burodin soda mai ruwan ƙasa da ake kwaɓawa da tsamin madara ba tare da yis ba, wanda idan aka shafa masa botarsu da zafinsa ba ka neman ƙari. Akwai kunun ots da safe, ƙwai, miyar ganye, da kifi, tun da ƙasar tsibiri ce. Abu ɗaya za ka rasa: yaji. Gishiri da masoro kawai suke sawa. Ka tafi da ɗan kwalbar yajinka, ka ajiye a teburi, ka yi wa kowa tayi. Mai gidan da na sauka ya barbaɗa a dankalinsa, idonsa ya kawo ruwa, washegari ya sake miƙo hannu.

Naman rago ko na kaza fa, tun da ba yankan Musulmi ba ne?

Malamai sun yi saɓani a kan naman da ake sayarwa a ƙasashen Ahlul Kitabi, kuma ba ni zan raba wannan gardama ba. Ka tsaya a kan abin da malaminka ya karantar da kai. Idan ba ka ci, hanya mafi sauƙi ita ce ka rubuta cewa kifi da ƙwai da ganye kake so a kwanakin. Kada ka ɗora wa uwar gida neman mahaucin halal, domin daga wasu ƙauyukan sai ta yi tafiyar awa guda a mota.

An ce sai an yi ta yi maka tayin shayi. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma a nan ne za ka ji kamar kana gida. Kana shiga za a ɗora buta a wuta. Shayinsu baƙi ne mai kauri da ɗan madara mai sanyi, kuma gidaje sun rabu biyu tsakanin masu shan Barry's, na Cork, da masu shan Lyons. Su ma suna da kawaici irin namu: a yi wa mutum tayi ya ce a'a, a sake ya ce kada a wahala, a na uku ya karɓa. Don haka idan ka ce ka ƙoshi ba za a yarda da wuri ba. Ka karɓa. Ba don shayin ba ne kawai. Duk wata hira mai ma'ana a gidan Ayalan a teburin kicin ake yin ta, da kofi a hannu.

Ka lura kuma, a ƙauye idan aka ce "tea" da ƙarfe shida na yamma, abincin dare ake nufi. Suna ci da wuri. Wanda ya saba cin tuwo bayan isha'i zai ji yunwa wajen ƙarfe goma, kuma ba laifi ya ce a ba shi burodi.

Wace tsaraba zan kai?

Ƙaramin abu ya wadatar. Su a tsakaninsu kwalbar giya suke kai wa juna, ko cakulan, ko furanni. Kai ba wanda ke jiran giya daga gare ka. Abin da ya fito daga gida ya fi armashi: jakar fata ko ɗan filo na dukawan Kano ko Sakkwato, faifai mai ado, hula, busasshen zoɓo da za ka dafa musu su ɗanɗana. Kada ka ce a aiko maka da kilishi ko dambun nama don wannan, domin dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara a jakar matafiyi. Idan abin na da gyaɗa, ka tambaya tukuna, akwai yaran da gyaɗa ke kai su asibiti. Za su buɗe kyautar a gabanka su yaba. Haka al'adarsu take.

Yaya zan kira su? Ba zan iya kiran sa'ar mahaifiyata da sunanta ba.

Na san nauyin abin. Amma da sunan yanka suke kiran juna, yaro da tsoho, kuma idan ka dage da "Madam" ko "Sir" sai su ji kamar kana nesanta kanka. Ka fara da Mista ko Misis wane, za su ce ka bari, sai ka bi. Ladabinka zai fito ta wasu hanyoyin: miƙewa idan tsohuwa ta shigo, karɓar mata kaya, yawan godiya. Ba a durƙusawa, kuma sunkuyar da kai idan babba na magana, wanda a wurinmu kunya ce, a wurinsu yana iya zama kamar ba ka saurare. Ka riƙa ɗaga ido.

Sunayensu na asali ba a karanta su yadda aka rubuta. Siobhán ana cewa Shibon ne da ɗan sautin v a tsakiya, Niamh kuwa Niiv, Aoife kuma Iifa. Ka ce a maimaita maka, kai ma ka koya musu naka sannu a hankali. Sun san zafin a ɓata wa mutum suna. Idan ba ka musabaha da mace, ko ba kya yi da namiji, ɗora hannu a ƙirji da murmushi da gajeren bayani ya isa. A yi shi tun a bakin ƙofa, kada a bar hannun mutum a miƙe.

Salla fa? Alwala, alƙibla, lokuta?

Ɗakinka masallacinka ne. Ka tafi da dardumarka. Alƙibla daga Ayalan gabas ce mai karkata kudu, saɓanin yadda muka saba a Arewa, don haka ka duba manhajar waya kada ka bi sabo. Babu buta a banɗaki. Robar ruwa ta rabin lita tana yin aikin. Wasu gidajen har kafet suke sawa a ƙasan banɗaki ko katako, don haka in ka yi alwala ka goge inda ruwa ya zuba.

Lokutan ne ke ba sabon zuwa mamaki. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas da rabi, ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu, sai ka ga azahar da la'asar da magariba sun taru cikin awa huɗu, daidai lokacin da aka fita da kai yawo. Ka gaya musu tun da safe cewa za ka buƙaci minti biyar sau biyu. A Yuni kuma har kusan goma na dare da sauran haske. Juma'a dai ka yi ta a birni kafin ka hau mota, domin masallatai a manyan garuruwa suke. Akwai banda: garin Ballyhaunis a gundumar Mayo, inda aka gina masallaci tun 1987 saboda ma'aikatan wata mayankar halal. A ƙidayar 2022 Musulmin ƙasar sun haura dubu 80 cikin mutum miliyan 5 da 'yan kai.

Za su ce in bi su coci?

Za su iya yi maka tayi, ba za su tilasta ba. Kashi 69 cikin ɗari sun ce su Katolika ne a ƙidayar 2022, amma zuwa coci ya ragu ƙwarai, musamman ga matasa. A gidan tsofaffi za ka ga ɗan kaskon ruwan albarka a jikin ƙofa, da gicciyen waliyyiyarsu Brigid da ake saƙawa da ciyawar fadama kowace 1 ga Fabrairu, kuma da ƙarfe shida gidan talabijin na RTÉ na buga ƙararrawar addu'a kafin labarai. In ka ce za ka zauna a gida, shi ke nan. Ɗalibi Kirista kuwa zai tarar da sujadarsu gajeriya ce, ba ta kai awa ba, babu kiɗa da rawa irin na gida. Abin da na lura shi ne tsofaffinsu na girmama mai ibada. Uwar gidan da na sauka, da ta ji ina tashi asuba, sai ta bar mini fitilar baranda a kunne ba tare da na roƙa ba.

Ina tsoron kare.

Ka faɗa a fom, akwai gidajen da ba su da shi. Amma a gidan gona da wuya a rasa karen kiwo, kuma a wasu gidajen yana kwana a kicin kamar ɗan gida. Ka roƙa kada ya shiga ɗakinka, ka riƙa rufe ƙofa. Ga mai damuwa da tsarki, a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kanta kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake wasu mazhabobin sun tsananta. Abin da ba a so shi ne a daka masa tsawa ko a kai masa ƙafa. Wannan zai ɓata wa masu gida rai fiye da yadda kake zato.

Sanyi da wanka?

Sanyin ba na ƙanƙara ba ne sosai, na danshi ne da iska, mai shiga ƙashi. Ka ɗauki suwaita, safa mai kauri, da rigar ruwa mai hula. Lema ba ta jure iskar gaɓar yamma. Ba a barin na'urar ɗumama gida a kunne duk dare saboda tsadar mai, don haka in kana jin sanyi ka nemi ƙarin bargo, ko robar ruwan zafi da suke sawa a gado. A falo ko kicin za ka iya tarar da murhu ana ƙona turf, wata baƙar ƙasar fadama da ake yankowa kamar tubali a shanya ta bushe. Ƙamshinta ba ya barin tufafi da wuri.

Kafin wanka ka tambaya. A tsofaffin gidaje ruwan zafi daga wata hita yake zuwa da suke kira immersion, mai shan wuta, kuma mantawa da ita a kunne babban laifi ne a kowane gida. Ka yi wanka gajere, ka tambayi inda ake kashewa. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, cajarka za ta shiga. Wanda ya zo daga Nijar ko Kamaru ko Chadi zai nemi adafta.

Me ake yi ranar Asabar?

Abin da iyalin suka saba yi, kuma wannan ne amfanin zuwan. In manoma ne za a ba ka aron dogon takalmin roba ku zaga shanu. Shanun ƙasar sun fi mutanenta yawa, ciyawa kore shar shekara duka, kuma wanda ya taso kusa da ruga zai sami abin faɗa: mai gidana ya yi ta tambayata yadda makiyayanmu ke tafiyar ɗaruruwan kilomita da garke a rani, ya kasa yarda cewa babu shinge. Idan ranar kasuwar dabbobi ce ka roƙa a kai ka. Kararsu rufaffiya ce, ana shigo da dabba cikin da'ira, nauyinta na fitowa a allo, dillali na zuba farashi da sauri kamar mai waƙa, masu saye na ɗaga yatsa a ɓoye.

Sai wasa. Kusan kowane ƙauye na da filin ƙungiyar GAA, wadda aka kafa a garin Thurles a 1884 don raya wasannin gargajiya. Akwai ƙwallon Gaelic da ake bugawa da hannu da ƙafa, akwai hurling da ake yi da sanda mai faɗin baki da 'yar ƙwallo mai tauri, mutum 15 kowane ɓangare. A hurling, a raga maki uku, ta saman sanda maki ɗaya. Ba a biyan 'yan wasan albashi, ko da waɗanda ke cika filin Croke Park mai ɗaukar mutum sama da dubu 82. Malamin makaranta ne da manomi da ɗan sanda ke buga wa gundumarsu. A Clare ka ambaci 1995, shekarar da suka ɗauki kofin hurling bayan shekara 81 suna jira, ka ga yadda fuskar dattijo za ta buɗe. Idan akwai lokaci za a iya kai ka bakin teku. A Clare tsaunukan Moher ne, masu tsayin sama da mita 200 daga ruwa.

In aka ce a je mashaya da dare?

Pub a ƙauyen Ayalan ya haɗa aikin dandali da majalisa da gidan abinci. Da rana har da yara ake zuwa. A nan ake kiɗan gargajiya da goge irin nasu da sarewa da wata ganga mai fuska ɗaya da ake kira bodhrán. Duk da haka wurin sayar da giya ne, kuma kai ka san iyakarka. Wasu ɗalibanmu na zuwa su sha lemo su saurari kiɗa, wasu ba sa taka ƙafa. Duk wanda ka zaɓa, ka faɗa da wuri ba tare da wa'azi ba. Su ma suna da masu ƙin giya don addini, 'yan ƙungiyar Pioneer, don haka "ba na sha" ba sabuwar magana ba ce a kunnensu. In ka je, ka san cewa saye zagaye ne: wanda aka saya wa ana sa ran zai rama. Ka ce tun farko kai za ka sayi naka.

Wace hira ake so, wacce ake gudu?

Kada ka kuskura ka ce musu Ingilishi ko 'yan Birtaniya. Sun sha mulkin Ingila ɗaruruwan shekaru, gundumomi 26 suka sami 'yanci a 1922, shida na arewa suka zauna ƙarƙashin Birtaniya, aka zubar da jini a can har zuwa yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. Wannan magana ka saurara in sun ɗauko, kada ka yanke hukunci. Haka yunwar da ta fara a 1845 lokacin da cuta ta kama dankali: kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan suka yi hijira, kuma har yau yawan mutanen tsibirin bai koma yadda yake kafin nan ba. Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Abdulmajid, ya aika musu gudummawar fam 1,000 a 1847. Da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗa ko 'ya a Amurka ko Ingila ko Ostireliya, kuma ina ganin shi ya sa uwayensu ke tausayin ɗan wani da ke nesa da gida.

Da ka ce daga Najeriya kake, kada ka yi mamaki in aka ce wata gwaggo ko wani kawu ya yi shekaru a can. Sistocin St Louis sun sauka Kano a 1948, fadocin ƙungiyar mishan ta SMA sun yi aiki a Jos da Kaduna, na ƙungiyar Augustine a Yola da Maiduguri. Ƙungiyar agaji ta Concern a 1968 aka kafa ta saboda yunwar yaƙin Biyafara. Abin da tsofaffi suka sani game da mu sau da yawa daga wasiƙun mishan ne, ya tsufa. Ka gyara musu da haƙuri, ka nuna hotunan gidanku da na hawan salla. Tambayar albashin mutum, ko shekarun mace, ko me ya sa ba a yi aure ba, ko ba a haihu ba, duk ka bar su. Maganar ruwan sama kuwa ba ta ƙarewa, ita ce "ina gajiya" tasu.

Turancinsu na yi mini sauri.

Kowa haka ya fara, balle a Kerry ko Cork. Ka ce a rage gudu. "Grand" na nufin lafiya lau, "craic" hira ce da nishaɗi, "press" kabad ne. In suna tsokanarka, alama ce sun sake da kai, kamar wasan taubasai. Ka koyi kalma biyu ta Gaeilge: go raibh maith agat, wato na gode, da slán, wato sai an jima.

Zan taya aiki, ko baƙo zama yake?

Ka taya. Ka kai farantinka wurin wanki, ka gyara gadonka, ka ɗauki tawul ka goge kwanuka, ko kai namiji ne. Mai gidan da kansa yana yi. Za a ce ka zauna, ka sake tayi. Babban kuskure shi ne shigewa ɗaki da waya. Mu a wurinmu baƙo mai kunya ke nan, su kuwa sai su ɗauka ba ka ji daɗin gidan ba, su yi ta tunanin inda suka gaza. In ka gaji ka ce ka gaji, ka kwanta awa guda, ka dawo kicin.

Hanya da kuɗi?

Sau da yawa masu shirin ke ɗaukar bas. In da kanka za ka je, jiragen ƙasa na Cork da Galway da Limerick da Kerry daga tashar Heuston ta Dublin suke tashi, na Sligo daga tashar Connolly, ita ma a Dublin. Katin Leap na ɗalibai na rage kuɗin mota. Gidajen ƙauye ba su da lamba, don haka ka karɓi Eircode na gidan, wato lambar da kowane gida ke da tasa shi kaɗai, ka sa a taswirar waya. Ka riƙe 'yan yuro a aljihu. Idan za ka sauka daga bas ka gode wa direba, kowa na yi.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci ga wanda aka kai Donegal ko Monaghan ko Louth: babu shinge tsakaninsu da Ayalan ta Arewa, iyalin na iya cewa a tsallaka sayayya ba tare da sun yi tunanin komai ba. Can ƙasar Birtaniya ce, kuma bizar karatunka ta Ayalan ba ta ba ka izinin shiga ba. Ka tuna musu.

Ina sa hijabi. Zan sami matsala? In ban ji daɗin gidan ba fa?

Iyalin da suka buɗe ƙofarsu ga ɗalibi baƙo sun riga sun zaɓi karɓar wanda bai yi kama da su ba. A ƙauye za a kalle ki, yara za su yi tambaya, galibi son sani ne. Ba zan ce babu wariya a ƙasar ba. Tarzomar Dublin ta Nuwamba 2023 ta nuna akwai masu ƙin baƙi, kuma ƙarancin gidaje ya ƙara zafafa zukata. Kafin tafiya ki tambayi masu shirin ko sun ziyarci gidan kuma ko 'yan sanda, waɗanda ake kira Garda, sun tantance mutanen cikinsa. Ki riƙe lambar mai kula da shirin, ki gaya wa wata ƙawa inda kike. In wani abu ya saɓa miki, ki kira a ɗauke ki, ba sai kin jira Lahadi ba, kuma wannan ba butulci ba ne. Lambar gaggawa 112 ce ko 999.

In ya faɗo cikin azumi?

In da hali ka nemi a ɗaga maka zuwa bayan salla, domin rabin baƙuntar a teburi take. In babu, ka gaya musu lokacin buɗa-baki, ka roƙa a bar maka burodi da madara da ayaba a kicin don sahur.

Bayan na dawo, shi ke nan?

A'a. Mutanen Ayalan har yau suna son kati na takarda. Cikin mako guda ka sayi ɗaya, ka rubuta layi huɗu da hannunka, ka ambaci wani abu takamaimai, burodin da ta gasa ko ɗan maraƙin da aka haifa kana nan, ka kai gidan waya. Za a jingina shi a kan kabad ɗin kicin ya yi watanni. Ka tura gaisuwa da Kirsimeti, ka aika musu hoto ranar salla. In ka ji an yi musu rasuwa, ka yi ƙoƙari ka je. Suna ɗaukar zuwa jana'iza da nauyi kamar yadda muke ɗaukar ta'aziyya, har suna sake taruwa a yi wa mamaci addu'a bayan wata guda. Abin da ake faɗa wa mai makoki yayin riƙe hannunsa gajere ne: "Sorry for your trouble." In kuma sun ce ka dawo da bazara lokacin haihuwar tumaki, ka ɗauki lambar bas ɗin tun yanzu.